Wayar da Kaka Ke Shanyawa da Citta

A danginmu ba a gaya wa mutum rasuwa da yunwa a cikinsa. Ban san wanda ya kafa wannan doka ba. Ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, na duba, amma mun fi kiyaye ta a kan rabin Dokoki Goma. Idan naka ya mutu kana nesa, sai a tashi mutane su zo har inda kake, da rana, cikin tufafin da ba baƙaƙe ba. A gaisa, a tambayi gona, a tambayi awaki. A tabbata ka ci ka ƙoshi. A kira mata biyu masu ƙarfi su zauna maka hagu da dama, a janye fartanya da wuƙa daga kusa da kai kamar ana gyaran tsakar gida ne kawai. Sannan a faɗa. Dalilin abincin kuwa shi ne, daga lokacin da maganar ta shiga kunnenka ba wanda ya san ranar da loma za ta sake bi ta maƙogwaronka.

Mai riƙe da wannan aiki a danginmu ita ce Gwaggo, ƙanwar kakana na wajen uwa. Gajeriya ce mai faɗi, tana sayar da manja a kasuwar Kafanchan, kuma ita ce shugabar zumuntar mata a cocinsu tun ina firamare, don duk wadda ta fito takara da ita sai ta janye da kanta. Gwaggo tana da matakala a aikinta, ba ta tsallake ko ɗaya. Da fari ta ce, “Wane ba ya jin daɗi kwana biyu.” Ta bari a haɗiye. Sannan ta ce, “Jikin ya matsa, har an kai shi asibiti.” Ta ƙara bari. Daga nan sai ta dafa gwiwar mutum ta faɗi ta ƙarshen da yarenmu, don a cewarta Hausa ta kasuwa da coci ce, mutuwa kuwa maganar cikin gida ce. Ta kai irin wannan labari Manchok, ta kai Zonkwa, ta kai ƙauyukan da sai an tuɓe takalmi an haye rafi. Har ta kai idan aka hango ta tana saukowa daga acaɓa ranar da ba Lahadi ba, mata kan fara lissafin 'ya'yansu da ke birni. Akwai ranar da ta je Zonkwa karɓar irin gwaza kawai, kafin ta zauna gidan ya kaure da kuka. Ta zage su tas, amma a hanyar dawowa kowa a motar sai da ya ji labarin, tana bayarwa tana jin daɗi.

Waya ce ta kashe mata kasuwa. Mutum zai ja numfashinsa na ƙarshe a Legas, kafin likita ya cire abin da ke kunnensa wani ɗan banza ya riga ya sa hotonsa da kyandir a gefe, duniya ta gani. Uwa tana tsakiyar kasuwa tana auna dawa za a miƙa mata waya ta ga ɗanta. Gwaggo ta ce wannan ba ci gaba ba ne, rashin tarbiyya ne aka sa wa batir. Ta yi magana a kai a taron zumunta, ta yi a taron dangi, kowa ya ce gaskiya ne Mama, kowa ya koma ya ci gaba da abinsa. A ƙarshe wuri ɗaya ya rage mata a duk dangi inda labari ba ya shiga sai da ƙafar mutum, wato ƙauyen Kaka.

Kaka ita ce ta haifi mahaifiyata. Gidanta yana cikin wani kwari bayan duwatsu, idan an wuce Kwoi an saki kwalta. Kamfanonin waya sun kakkafa ƙarafunansu a ko'ina, amma sabis kan zo bakin dutsen nan ya leƙa ya koma. An yi an yi ta dawo gari ta ƙi. Ta ce a Kafanchan mutum ba ya iya tusa maƙwabci bai ji ba, kuma wa za ta bar wa cittarta da kabarin mijinta. Ita kaɗai take zaune, da awaki, da kaji, da maƙwabta da ke shiga gidanta kamar nasu.

Sai Kawu, autanta, ɗa namiji tilo. Yana aiki a Fatakwal, mutum ne ƙato mai dariyar da ke tayar da jarirai daga barci. Ciwonsa ɗaya a duniya: duk wani sabon abu mai batir da aka ƙera, sai ya sayo wa uwarsa. Ya kawo mata tocila mai rediyo a ciki, ta ba fasto. Ya kawo fanka mai caji, kaza ta yi ƙwai a kwalin. A wata Kirsimeti sai ga shi da waya, irin wadda kowa ke riƙewa, da ɗan faifan sola na caji. Ya tara mu a tsakar gida ya yi mana lacca. Wai yanzu layin yana iya kama tauraron ɗan'adam kai tsaye, ba kwanon satalayit a kan rufi, ba ƙarfe a kan dutse. Kira ba ya tafiya tukuna, amma saƙo yana shiga, da ƙananan hotuna, da gajeren saƙon murya, in an yi haƙuri. Sharaɗi ɗaya ne, sai wayar tana ganin sararin sama.

Kaka ta juya wayar a hannunta ta ce, “Abin nan da kake faɗa, a sama yake?”

“A sama, Mama. Can ƙololuwa.”

“Kusa da Allah?”

“To, ta wajen.”

“Ashe maganarka za ta riƙa bi ta gabansa kafin ta iso ni. Sai ka rage ƙarya.”

Na ɗauka wannan ma a hannun fasto za ta ƙare. Ban san Kaka ba. Abu biyu kawai ta koya, inda za ta taɓa murya ta fito, da inda za ta danne ta yi magana, kuma suka ishe ta. Sauran ilimin ita ta ƙirƙiro. A bayan gidanta akwai wani falalen dutse inda take shanya citta bayan an tone an tsattsaga. Kullum da safe in ta baza cittar, sai ta ɗora wayar a kan faifai a tsakiyarta. In ta zo juya citta, ta juya wayar ita ma. Na gaya mata ba a buƙatar juyawa, ta ce ni malamar makaranta ce, me na sani a kan shanya. In damina ta zo ta kife turmi a tsakar gida ta ɗora ta a kai, ta zauna tana gadin hadari. Wayar nan ta sha citta har in ka kara ta a kunne idonka yana yaji.

Kowace safiya Kawu yana aiko mata da murya. Yakan fara da, “Budurwata, kin tashi?” sannan ya kawo mata ƙarya iri-iri, wai ya ga kifin da ya fi saniyar sarki girma, wai wata Baturiya ta nace sai ta aure shi. Amsoshin Kaka kuwa rabinsu faɗa ne da akuya, don takan danne wurin maganar ta manta. Kawu yana tara su yana kunna mana in ya zo. Wani lokaci saƙon ya shiga nan take, wani lokaci ya yi rabin yini yana yawo a sama, Kaka ta ce ya tsaya gaisuwa a hanya ne.

Shi ne kuma ya sa ta a gurup ɗin dangi, don ta riƙa ganin hotunan jikoki. A nan na yi magana. Na ce Kawu, gurup ɗin nan ko mai lafiya ya shiga sai ya fito da ciwon kai. Nan ake turo maganin hawan jini na ganyen gwanda, nan ake turo annabcin ƙarshen duniya duk wata. Ya ce ai ba ta iya karatu ba, hoto kawai za ta gani. Ya yi dariyar nan tasa, maganar ta wuce.

Kirsimeti ta gaba ta kusa, ana tsakiyar shanyar citta, Kawu ya kwanta. Ciwon bai ɗauki lokaci ba. Mun ɓoye wa Kaka, shi ma ya taya mu, yana aiko mata da murya daga gadon asibiti yana cewa mura ce ta shaƙe shi. Wata safiya ina ɗaura ɗankwali zan tafi makaranta mahaifiyata ta kira ni. Ba ta bi matakalar kowa ba. Ta kira sunansa, ta ce da asuba, sai kuka.

Na hau acaɓa zuwa gidanmu a kwatas ɗin 'yan reluwe. Kafin in sauka waya ta yi ƙara a jakata. Wata 'yar ƙanwar mahaifiyata da ke Abuja, yarinya mai digiri biyu, ta riga ta sa hoton Kawu a gurup. Ta zaɓi wanda ya sa kwat ranar bikin wani, ta baƙanta bayansa, ta kunna masa kyandir a gefe, ta kuma liƙa masa fukafukai farare. Fukafukai, a jikin mutumin da kujerar roba ba ta ɗaukarsa. Ban san lokacin da ta samu ta yi wannan ado ba, gawa ko sanyi ba ta gama yi ba. Na kira ta, abin da na gaya mata ba zan rubuta shi a nan ba, ɗalibaina suna karatu. Ta fashe da kuka ta goge. Amma kafin ta goge wasu sun kwafa sun sake turowa, kowa yana ƙara nasa kyandir, kamar an ce wanda bai kunna ba shi ya kashe shi.

Gidan ya cika da maƙwabta. A cikinsu akwai wani ɗan Ibo da muka tashi tare a kwatas, kakansa direban jirgin ƙasa ne, shi kuma yana da shagon waya a cikin gari, Hausarsa ta fi tawa. Na ja shi gefe na ce Kaka tana cikin gurup ɗin nan, yaya za a yi a tare abin kafin ya isa.

Ya ce, “In hoton ya riga ya shiga wayarta, gogewar ma sai ta bi ta sama a bayansa, kuma ga waɗanda aka sake turowa. Abin da ya fi, a cire ta daga gurup ɗin yanzu. Wa ya buɗe shi? Shi kaɗai ke iya cire mutum.”

Na ce, “Kawu.”

Can ya ce, “To sai dai in ba ta fito da ita waje ba yau.”

Muka ɗaga kai tare. Sama tas, ko ɗigon gajimare babu, rana irin wadda mai citta ke roƙo.

Gwaggo ta iso tana haki, idonta ja. Ita ta goyi Kawu yana jariri, a gidanta ya zauna duk shekarun da ya yi sakandare a Kafanchan, amma ba ta zauna ta yi kuka ba. Ta ji bayanina, ta ce, “Matarmu ba za ta ji wannan a bakin ƙarfe ba. Tashi.” Matarmu take ce wa Kaka, tunda matar yayanta ce, Kaka kuma ta ce mata mijina, haka suke tun kafin a haife ni.

Na ɗauka tashi na nufin tashi. Ina! Sai da muka biya gidanta ta canza zane zuwa mai furanni ja da rawaya, ta sa ni ma na cire baƙin siket ɗina na aro nata, wanda ya zagaye ni sau biyu. Sai da ta tsaya ta sayi gishiri da sabulu da burodi, don wanda ya je hannu sake ya riga ya faɗi abin da ya kawo shi. Sai da muka ɗauko wani dattijon ikilisiya, tsohon ma'aikacin reluwe, saboda dole a samu namijin da zai yi addu'a bayan an faɗa. Ni kuwa ina tsaye ina tafasa. Na ce Gwaggo, abin da muke tsere da shi ba ya tsayawa sayen burodi. Ta ce shi ya sa ba shi da mutunci.

A tasha motar Kwoi ba ta cika ba, na sayi kujerun da suka rage don mu tashi. Direba ya kunna mota, sai dattijo ya ɗaga hannu ya ce a yi addu'ar tafiya. Bawan Allah nan ya fara daga Ibrahim da ya bar ƙasarsu, ya bi da Isra'ilawa cikin jeji, ya shiga jirgin ruwa da Bulus. Yana shirin sauka a wani tsibiri Gwaggo ta ce “Amin” da ƙarfi, duk motar ta amsa, direba ya ja.

A hanya na rubuta a gurup cewa don girman Allah kowa ya daina turo komai, Kaka tana ciki. Mutum uku suka amsa da hoton hannuwa a haɗe, ɗaya ya ƙara kyandir. Amma saƙon nawa ya yi mini wani amfani, don wayar tana nuna wanda saƙo ya isa gare shi da wanda bai isa ba. Sunan Kaka yana cikin waɗanda bai isa ba. Na riƙe wayar a cinyata ina dubawa kamar mai jiran ruwa ya tafasa. In na gaji in leƙa ta taga in harari sama. Ban taɓa jin haushin abin da ba na gani ba kamar ranar. Da ƙarfen sabis ne a kan dutse, aƙalla ka san inda za ka je ka yi jifa.

Tsoro nake ji, tsoro sosai. Ina ganinta a raina ita kaɗai a kan falalen dutsen nan, tsohuwa mai hawan jini, ciki ba komai sai ruwan zafi, ga wuƙar tsaga citta a hannu, ga gangare a bayanta. Ta sunkuya ta ɗauki waya tana jiran “Budurwata, kin tashi?”

Muna gab da shiga Kwoi sunanta ya koma cikin waɗanda saƙo ya isa. In nawa ya isa, waɗanda suka riga shi sun daɗe da isa. Na nuna wa Gwaggo. Ta kalli wayar kamar ta tofa mata yawu.

Ta ce, “Ba ta iya karatu ba.”

Na ce, “Gwaggo, kyandir ba karatu ba ne.”

Muka sauka a Kwoi. Muka ɗauki acaɓa uku. Gwaggo, wadda duk ɗan acaɓan Kafanchan ya san ta da dukan kafaɗa tana cewa a bi a hankali ba ta gama aurar da jikoki ba, ita ce ranar ke cewa yaron ya murɗa. Ledar burodi tana kaɗawa a hannunta, dattijo yana can baya ya rungume nasa direban ya rufe ido. A bakin rafi muka sauka muka tuɓe takalma muka haye, muka hau ɗan tudun da ke kai wa gidan. Ina tafe ina kasa kunne. Kukan mutuwa a ƙauyenmu daga bakin rafi ake jin sa. Ba mu ji komai ba sai zakara.

Muka tarar da Kaka a bakin murhu tana juya gwate. Ta ɗago ta gan mu ta washe baki.

“A'a, mijina. Yau ka tuna kana da mata? Me ka kawo mini?”

Gwaggo ta miƙa mata ledar ta ce, “Gishiri da sabulu, matarmu, don na san ƙazantarki.” Da Kaka ta juya za ta ajiye, Gwaggo ta matse mini hannu ta raɗa, “Mun riga shi.” Na gode wa Allah a raina.

Amma da na zauna idona ya fara yawo. Tukunyar gwaten babba ce, wadda ake ɗorawa ranar gayya, ba ta tsohuwa mai zaman kanta ba. An share tsakar gida. Fartanyar da kullum ke jingine a jikin rumbu ba ta nan, haka adda. A kan benci a gindin mangwaro ga maƙwabtanta mata biyu, manya masu ƙarfi, suna zaune hannu a cinya, a tsakiyar lokacin citta, lokacin da ko mai jego ba ta zama. Sun gaishe mu ba su kalli idonmu ba. Na ce zan zagaya, na bi ta bayan gida. Citta tana baje a kan dutse, ba a juya ta ba tun safe. Faifan yana tsakiya, ba waya a kai.

Da na dawo na ce, “Kaka, ina wayarki?”

Ta ce, “Tana hutawa, Malama. Wanke hannu.”

Sai na hangi wata tukunyar ƙarfe a kife a gindin rumbu, an ɗora mata dutse, yadda Kaka ke yi wa kazar da ta dame ta da ɓarna. Na kalli Gwaggo, amma ita hankalinta yana kan aikinta, tana ta murna an sami abinci a shirye da mata a kusa ba tare da ta nema ba. Ba ni aka aiko ba, sai na bar ta.

Aka zuba gwaten acca da yakuwa da gauta, irin wanda Kawu kan shanye kwano biyu ya nemi ƙanzo. Dattijo ya yi addu'ar abinci, wannan karon gajeriya, yunwa ta gyara masa tauhidi. Kaka ta zuba wa kanta kwano cike. Matar da na sani tana cin loma kaɗan ta ture ta ce jikoki su ƙarasa, ranar ta zauna ta bi kwanon nan a hankali. Kowane cokali sai ta kora da ruwa. Wani sai ta riƙe shi a baki ta daɗe kafin ya wuce. Tana ci tana tsokanar Gwaggo a kan ƙiba, tana tambayar dattijo ko jirgin ƙasa zai dawo kafin Yesu ya dawo. Ni ma na ci gaba da ci, don duk lokacin da na ajiye cokali sai ta kalle ni.

Aka kwashe kwanukanmu. Matan nan biyu suka taso ba wanda ya kira su, ɗaya ta zauna a damanta, ɗaya a hagunta. Gwaggo ta jawo kujerarta ta matso, ta gyara murya.

“Matarmu, autanki ba ya jin daɗi kwana biyu.”

“Ya gaya mini. Ya ce mura.”

Gwaggo ta bari aka haɗiye. Akuya ta zo ta leƙa tukunya, ba wanda ya kore ta.

“Jikin ya matsa. Har an kai shi asibiti.”

“To,” in ji Kaka.

Saura ta ƙarshe. Gwaggo ta ɗaga hannu za ta dafa gwiwar Kaka, hannun ya tsaya a hanya. Ta sake gyara murya. Sai na ji ta ce wai hanyar Kwoi ta lalace sosai bana, ramuka ko'ina, gwamnati ba ta tsoron Allah. Ta ce manja ya yi tsada. Ta tambayi ɗaya daga cikin matan ko 'yarta ta haihu. Matar da ta kai mutuwa gidaje ba iyaka, ba ta taɓa tuntuɓe ba, ga ta tana zancen ramukan hanya. Dattijo ya yi tari. Ni na sunkuyar da kai, tausayinta ya kama ni har na manta haushin burodin.

Kaka ta sunkuya ta ɗauki kwanonta, wanda ta hana a kwashe, ta juya shi ta nuna wa Gwaggo cikinsa. Ta suɗe shi tas.

Ta ce, “Mijina, duba. Na ci. Na kira mata, ga su. Fartanya da adda suna gidan maƙwabta. Ba abin da na rage miki.”

Gwaggo ta zuba mata ido.

“Abin ya shigo tun rana ba ta yi zafi ba. Na gan shi da kwat ɗinsa, da kyandir, da fukafukai kamar zabo. Na bar shi a kan dutse har na gama shiri, sannan na kife shi a can. Na ce ba a gaya mini ba. Na san za ki zo, shi ya sa na ɗora babbar tukunya.” Ta ajiye kwanon a ƙasa, ta kamo hannun Gwaggo da ke tsaye a hanya, ta ɗora shi a kan gwiwarta da kanta. “Tun safe nake riƙe da yaron nan da rai, ni kaɗai. Na gaji. Ki faɗa mini.”

Gwaggo ta zame daga kujera ta durƙusa a ƙasa da zanenta mai furanni. Ta riƙe gwiwoyin biyu. Ta kira shi da sunan da uwarsa ta raɗa masa, wanda ba a sani ba a Fatakwal, ta faɗi maganar da yarenmu, gajeriya, yadda ake faɗa.

Kaka ta gyaɗa kai sau ɗaya, kamar an ba ta amsar gaisuwa. Sannan kukan ya fito, matan nan biyu suka riƙe ta, aka ji shi har bakin rafi. Kawu ya rasu da asuba a Fatakwal, amma a gidan uwarsa sai da rana ta karkata.

Mutane suka fara shigowa daga gonaki. Ba wanda ya taɓa tukunyar da ke kife. Ni na zagaya baya na juya cittar, don kada ta lalace.